Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Tayar da Fanel ɗin Neo Geo a Gida?

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina zaune a Samaru, Zariya. Kwanan baya na shiga kasuwar Sabon Gari neman cajar laftof, sai na hangi wani fanel a cikin tarkacen kayan Beljiyam, an rubuta SNK da Neo Geo MVS a jikinsa, ga kaset ɗin The King of Fighters '98 a soke. Mai kayan ya ce shi ma bai san aikinsa ba, ya sallama mini da araha. Na kawo shi ɗaki, na juya shi ta ko'ina, ban ga inda ake sa masa wuta ba, ban ga ramin jona talabijin ba, sai wasu haƙora masu ruwan zinariya a gefe ɗaya. Abokina ya ce mu yanke bakin cajar laftof mu gwada. Don Allah a yi mini bayani, zai yiwu in buga wasa da shi a gida? In ya tashi, ina so daga baya in sa shi a shagon yayana. Daga wani mai karatu a Samaru.

Amsa: Zai yiwu ƙwarai. Amma kafin mu je ko'ina, ka ce wa abokinka ya mayar da cajar nan jakarsa. Yawancin cajojin laftof bolt 19 suke fitarwa, ko kusa da haka, alhali ƙwaƙwalwar fanel ɗinka da bolt 5 take aiki. Sakan ɗaya ya isa ya ƙone ta, kuma ƙonewar da ba a gani da ido: fanel zai zauna fes kamar sabo, amma ba zai sake motsi ba. Na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya, domin abin da ke hannunka ya shekara ashirin da ɗoriya da barin masana'anta, kuma ba a ƙara ƙera irinsa.

Bari ka fara sanin abin da ka saya. A shekarar 1990 kamfanin SNK na birnin Osaka a Japan ya fito da Neo Geo iri biyu: na gida, wanda ake kira AES, da na gidajen wasa, wato MVS. Naka na gidajen wasa ne. Asalinsa yana zaune ne a cikin wani dogon akwati mai tsayin mutum, wanda ake jefa wa sule kafin a yi wasa. A cikin akwatin nan akwai gilashin hoto, da sifika, da akwatin raba wuta, da sanduna da maɓallai, duk a jone. Abin da ya iso Sabon Gari kamar injin mota ne da aka ciro aka ajiye a ƙasa, ba tanki, ba batir, ba sitiyari. Lafiyarsa ƙalau watakila, amma sai ka nemo masa sauran jiki. Dabarar da ta sa MVS ya cika duniya ita ce kaset: mai gidan wasa ba sai ya sayi sabon akwati ba in wasa ya tsufa, kaset kawai zai canja. Shi ya sa injin ya daɗe, daga 1990 har zuwa 2004 ana fitar masa da sababbin wasanni, daga Fatal Fury da Metal Slug zuwa wasannin ƙwallo irin su Super Sidekicks.

Haƙoran da ka gani su ne ƙofar komai. Ka ƙirga su: 28 a sama, 28 a ƙasa, 56 ke nan. Wannan tsari sunansa JAMMA, sunan ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan, wadda ta tsayar da shi a tsakiyar shekarun 1980 don kowane fanel ya shiga kowane akwati. Ta cikinsu wuta take shiga, ta cikinsu hoto da sauti suke fita, ta cikinsu kuma umarnin sanda da maɓallai yake isa ga wasan. Ɓangaren da kayan lantarki suke a kai ana ƙirga shi da lambobi, 1 zuwa 28, bayan fanel kuma, inda dalma take, da haruffa.

Na 1 da na 2 layin ƙasa ne, wato baƙar waya. Na 3 da na 4 bolt 5. Na 5 bolt 5 na nagetif, wanda Neo Geo ba ya bukata, amma wasu fanel kamar Mortal Kombat sai da shi sautinsu yake fita. Na 6 bolt 12, abincin amfilifayar sauti. A wurin na 7 babu haƙori mai aiki, sai wata 'yar tsaga, kuma ina so ka dubi tsagar nan da kyau. Ita ce ke nuna maka ina ne kai, ina ne ƙafa. Soket ɗin JAMMA da yawa ana sayar da su ba tare da ɗan robar da ke shiga tsagar ba, saboda haka suna shiga ta kowace fuska. In ka juya shi, bolt 12 zai faɗa kan layin maɓalli, ya bi ta nan ya shiga cikin fanel. Ranar da soket ya zo hannunka, tun kafin ka jona komai, ka sa fenti ko farin selotef ka rubuta “sama” a fuskar da ta dace, ka kuma toshe ramin na 7 da ɗan guntun roba. Aikin minti biyar ne, kuma fanel masu yawa sun mutu don ba a yi shi ba.

Kada ka like waya da dalma kai tsaye a kan haƙoran. Ka sayi damin wayoyin JAMMA mai soket ɗinsa. Da wuya ka same shi a jere a shago a Zariya. Mafi sauƙi ka yi oda ta intanet, ko ka ba wani mai sauke kayan lantarki daga Alaba ta Legas saƙo. Akwai kuma wani ɗan fanel da ake kira Supergun, wanda aka ƙera musamman don masu irin bukatarka: ta gefe ɗaya yana kama haƙoran 56, ta ɗayan gefen yana ba ka ramin wuta, da ramin talabijin, da ramin hannun wasa. In aljihunka zai iya, shi ne hanyar da ta fi aminci. In kuma ba hali, duk abin da yake yi ana iya haɗa shi da hannu, kuma ko da shi ko ba shi ya kamata ka fahimci abin da ke gudana.

Maganar wuta ita zan fi daɗewa a kai, domin a garinmu ita ce take kashe kaya.

Akwatin raba wuta iri biyu ne za ka iya amfani da su. Na farko shi ne na injunan wasa na asali, ɗan akwatin ƙarfe mai huji-huji da jerin sukurori a gaba, an rubuta wa kowanne aikinsa. Kyansa shi ne yana da ɗan maɓallin murɗawa da ake daidaita bolt 5 da shi. Na biyu shi ne na tsohuwar kwamfutar tebur, wanda ba ka rasa shi a wurin masu gyaran kwamfuta na Samaru ko na Sabon Gari. A jikinsa jar waya bolt 5 ce, rawaya bolt 12, baƙa layin ƙasa. Ba ya tashi sai ka haɗa koriyar waya da baƙa a babban soket ɗinsa, kuma a nan ne ya dace ka sa makunni. Tsofaffin suna da farar waya mai bolt 5 na nagetif, sababbin sun daina zuwa da ita. Kai dai ba ka da asara tunda Neo Geo ne. Akwai shuɗiyar waya mai bolt 12 na nagetif: ka naɗe bakinta ka ajiye ta gefe, ba ta da gurbi a wannan aiki.

Ko wanne ka samu, ka duba bayansa. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Wasu akwatunan suna da ɗan jan makunni mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. In kayan daga Amurka suka fito, sau da yawa a kan 115 ake samunsu, kuma in ka sa su a soket a haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Wanda kuma aka rubuta wa 100 ko 110 kaɗai, ba shi da makunni, sai da taransifomar rage wuta.

Sai mita. Ka sayi mitar awon wuta ta kanka, ko da mai araha ce. Na fi son ka rage kuɗin maɓallai ka saye ta. Ka tayar da akwatin wuta ba tare da fanel ba, ka auna a bakin soket ɗin JAMMA: shin ramin na 3 da na 4 suna ba da 5? Na 6 yana ba da 12? Sauran ramukan ba su ɗauke da wutar da bai kamata ba? Sai ka kashe, ka soka fanel, ka kunna, ka sake aunawa, wannan karon a kan haƙoran fanel ɗin kansa yana cikin aiki. Dalili shi ne wuta tana raguwa a hanya, musamman in wayar siririya ce ko doguwa. Akwati zai iya nuna 5.1 a bakinsa, amma abin da ya isa fanel 4.7 ne, sai hoto ya riƙa wargajewa, wasa ya riƙa komawa farko da kansa, kai kuma ka ɗauka fanel ne ya lalace. Abin nema shi ne 5.0 zuwa 5.1 a kan fanel. Kada ka haura 5.2 da sunan ƙara masa ƙarfi. In ya ƙi kaiwa, ka ƙara kaurin waya ko ka ninka ta, ka kuma yi amfani da dukan haƙoran bolt 5 guda huɗu, biyu na sama da biyu na ƙasa, haka ma na layin ƙasa. Ka sa fis a layin bolt 5 da na bolt 12.

Wannan duk na cikin ɗaki ne. Abin da ke zuwa daga falwaya kuma ka fi ni saninsa, tunda a Samaru kake: a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, wani lokaci ta zo rabi, ƙwan fitila yana ja. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sakan ɗin da aka dawo da wuta. Ka mayar da shi al'ada, da an ɗauke ka zare filogi daga bango, kada ka dogara ga kashe makunni kawai. Sitabilaiza tana taimakawa wajen wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama a hankali, amma ba ta da saurin tare bugun da ya zo farat ɗaya. Ka haɗa ta da 'yar na'urar nan da ake sa wa firji da talabijin, mai jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna bayan an dawo da ita. Ƙaramin janareta mai gauraya fetur da baƙin mai kuwa ban yarda ka ɗora masa wannan fanel kai tsaye ba: ƙarfinsa yana hawa da sauka da zarar wani ya kunna dutsen guga ko mai ya kusa ƙarewa. In a gidanku akwai inbata da batir ko sola, nan ne wurinsa. Fanel da talabijin mai inci 21 gaba ɗaya ba sa kai wat 150.

Yanzu hoto. A nan ne mutane suke karaya, su ce fanel ya mutu alhali da ransa.

Neo Geo ba ya fitar da hoto a dunƙule ta waya ɗaya kamar rawayar wayar bidiyo da ka sani. Yana raba shi gida uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da layinsa, sannan layi na huɗu mai gaya wa talabijin inda kowane layin hoto ya fara da inda ya ƙare. Ja yana kan haƙori na 12, kore a bayansa, shuɗi na 13, layin daidaitawa a bayansa, na 14 kuma layin ƙasa na hoto. Yana zana layi kusan 15,600 a sakan, ya sabunta hoton kusan sau 60. Allon kwamfuta mai ramin VGA yana jiran ninkin wannan sauri ne, kusan 31,500, shi ya sa in ka jona su kai tsaye ba abin da za ka gani, ko ya rubuta maka cewa ba ya gane saƙon.

Wanda yake gane wannan saƙo ba tare da tafinta ba shi ne tsohuwar talabijin mai doro, wadda mutane ke fitarwa daga ɗaki yanzu don sun sayi filasma. A nan sa'arka ta yi kyau, domin yawancin kayan Beljiyam daga Turai suke, kuma talabijin ɗin Turai suna da wani faffaɗan rami a baya mai ƙananan ramuka 21, ana ce masa SCART. An ƙirƙiro shi a Faransa, kuma yana karɓar ja da kore da shuɗi a rarrabe, daidai yadda fanel ɗinka yake bayarwa. Ka koma Sabon Gari, layin masu gyaran rediyo da talabijin, ka ce kana neman mai doro mai SCART, Sony ko Philips ko Panasonic ko Grundig, inci 14 zuwa 21. Ka ce a kunna maka ka ga launinta bai dusashe ba. In tana da ramin SCART biyu, galibi na farko ne yake karɓar launuka a rarrabe. Talabijin ɗin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa sama yawanci suna ɗaukar sau 60 a sakan ba gardama, ko da yake an yi su ne don sau 50. Wasu da suka fi tsufa hoton zai riƙa birgima.

Amma ba a jonawa haka kawai. Fanel ɗin gidan wasa yana turo hoto da ƙarfin da ya ninka abin da talabijin ta gida ke jira sau da yawa. Ita bolt 0.7 take so. Sai an sa rasisto a hanya: a kan ja da kore da shuɗi, kowanne tsakanin om 220 da 330, a kan layin daidaitawa kuma om 470. A bakin SCART, ja yana zuwa rami na 15, kore na 11, shuɗi na 7, layin daidaitawa na 20. Rami na 16 kuma yana bukatar bolt 1 zuwa 3 kafin talabijin ta san cewa launuka a rarrabe suke zuwa. Ana samun wannan ta hanyar jawo bolt 5 ta cikin rasisto mai om 180. In an manta da shi, za ka ga fuska baƙa ƙirin alhali sauti yana tashi. Ka kwafi waɗannan lambobi a takarda ka kai wa mai gyara. Duk wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma zai gama maka a zama ɗaya, rasisto kuwa a cikin matattun fanel da ke gabansa ma zai tsinto su.

In ba ka samu mai SCART ba, sai mai ramuka uku, rawaya da fari da ja, to sai an sa ɗan fanel mai dunƙule launukan su koma waya ɗaya. Hoton zai ragu da kyau, kuma in talabijin ba ta karɓar tsarin NTSC, baƙi da fari zai fito. In kuma allon kwamfuta ko filasma kake da ita, akwai ɗan fanel mai suna GBS-8200 da ke mayar da hoton zuwa VGA. Yana da araha, yana aiki, amma yana sa ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa, kuma a King of Fighters wannan jinkiri ana jin sa a hannu. Wani irinsa mai suna OSSC ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, ba ya jinkiri, sai dai tsada, kuma wasu filasma suna ƙin karɓar hotonsa, domin saurin Neo Geo bai cika 60 cif ba, 59 ne da ɗan ɗoriya. Ra'ayina dai ka nemi mai doro. Masu zanen waɗannan wasanni a kan irin wannan gilashi suka yi aikinsu, hoto mai ɗigo 320 a faɗi da 224 a tsaye, kuma a kansa ne launukan suke narkewa cikin juna yadda suka nufa.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake: kada ka buɗe bayan talabijin mai doro. A jikin kwalbar hoton akwai wutar da ta haura bolt 20,000, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare filogi. Duk abin da ya shafi cikinta aikin mai gyara ne. Haka kuma in wata rana ka tsinci tsiraicin gilashin akwatin wasa na asali, wanda ba shi da murfi, tsofaffinsu da yawa sai da taransifoma ta musamman mai raba su da wutar bango ake kunna su, in ba haka ba ƙarfen jikinsu zai ɗauki wuta.

Sauti ba shi da wahala. Fanel yana da amfilifayarsa, saboda haka sifika mai om 8 kawai za ka jona a haƙori na 10 da wanda ke bayansa. Ta tsohuwar rediyo ma ta isa. Kada ka kai waɗannan wayoyi biyu ramin sautin talabijin, kada kuma ka haɗa ɗayansu da layin ƙasa. Tunda ka ce kaset ɗaya ne a soke, ina ɗauka fanel mai rami ɗaya ne. Akwai masu rami 2 da 4 da 6, kuma su tsarin sautinsu ya ɗan saɓa: haƙoran nan biyu ɗaya na sifikar dama ne, ɗaya na hagu, ba a haɗa su a kan sifika guda.

Sanda da maɓallai su ne mafi sauƙin fahimta. Kowane maɓalli aikinsa ɗaya ne, ya haɗa layinsa da layin ƙasa in an danna. Sanda ma maɓallai huɗu ne a ɓoye, sama da ƙasa da hagu da dama. Na 17 shi ne fara wasa, 18 zuwa 21 sanda, 22 zuwa 24 maɓallai uku, Neo Geo kuma ya ƙara na huɗu a kan 25. Ɗan wasa na biyu yana bayan fanel, daidai da waɗannan. Baƙar waya ɗaya za ka ja ta bi dukan maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Kafinta a kasuwar Samaru zai yi maka akwatin filawud. Ka gaya masa faɗin huji milimita 30 in maɓallan Japan ne irin Sanwa, 28 in na Amurka ne. Ka sa ya yi shi da nauyi, don samari in wasa ya yi zafi ba sa tausaya wa sanda.

Kafin ranar kunnawa, ka yi wa fanel duba na tsanaki da rana. Ka nemi wani ɗan batir mai kama da ƙaramar ganga da aka like a jikinsa. Shi ke riƙe agogo da lissafin sulalla, kuma bayan shekaru yana zubar da ruwa mai cin layukan tagulla. In ka ga fari-fari ko kore-kore a kusa da shi, a cire shi yau, a wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe sarai. Ko bai zubar ba ni dai cirewa nake ba da shawara, fanel yana tashi ba tare da shi ba. Ka duba kwandensa, in akwai wadda kanta ya kumbura a canja. Haƙoran zinariya da na kaset a goge su da magogin fensir mai laushi, a bi da sifirit. Ban da sanfefa, tana kankare ruwan zinariyar.

Gwajin farko ka yi shi ba kaset. Neo Geo mai lafiya yakan nuna ɗan hargitsin launi na 'yan sakanni, sannan ya tsaya a kan zanen raga, layuka a tsaye da a kwance. In ka ga ragar nan, wuta da hoto sun yi daidai. Sai ka kashe, ka soka kaset ta fuskar da kibiyarsa ta nuna, ka danna har ya zauna sosai. Ba a sokawa ko zarewa da wuta a kunne. In ka sa kaset amma raga ta sake fitowa, fanel bai ga kaset ba ne, ka sake goge haƙora. In hoton yana da zane-zane a tsaye, galibi datti ne ko rashin zama daidai. In fuska tana ƙiftawa, sifika tana “ƙas, ƙas” ba tsayawa, ka fara komawa kan mita ka auna bolt 5. In yana daidai, matsalar ta cikin fanel ce, sai a nemi wanda ya ƙware, kuma kana zaune kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, ba za ka rasa ɗalibin injiniyan lantarki da zai taya ka bin layi ba. In ka tashi sayen wani kaset nan gaba, ka tabbata na MVS ne, domin na AES ba ya shiga, kuma akwai na jabu da yawa.

Yanayin Zariya ma sai ka yi shiri da shi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana bushewa har ka taɓa ƙofar mota ka ji ta ja ka. Wannan ɗan tartsatsin da jikinka ke tarawa ya isa ya kashe ƙwayar lantarki. Ka riƙa taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka ɗauki fanel, ka riƙe shi ta gefe, kada ka ɗora shi a kan bargo ko kafet ko katifa. Ƙura kuwa buroshi mai laushi ne maganinta, da rufewa in an gama. Da bazara, a zafin Maris da Afrilu, yana bukatar iska: ka ɗaga shi a kan ƙafafun roba, ka sa ƙaramar fankar kwamfuta a layin bolt 12. In ka yi masa akwati, ka rufe hujin iska da ragar sauro saboda kyankyasai da tsaka, su ma ɗumi suke nema.

Za a ce maka me ya kai ka wannan wahala, ga Pandora's Box mai ɗaruruwan wasanni da ramin HDMI, ko manhajar MAME da ke kwaikwayon waɗannan injuna a kwamfuta tun 1997. Gaskiya sun fi sauƙi, kuma aikin masu MAME ya ceci wasanni da yawa daga ɓacewa. Sai dai wasannin da ke cikin irin waɗancan akwatuna kwafi ne da ba a biya masu su ba, kuma kwaikwayon nasu ba kullum yake daidai ba. Kai kana da na ainihi, kuma wayoyi da maɓallai da akwatin wutar da za ka haɗa za su yi maka aiki da kusan kowane fanel na JAMMA da ka sake tsinta. Street Fighter II na Capcom, na 1991, shi ne zai nemi ƙarin wayoyi, don maɓallansa shida ne.

Batun shago kuma, injin an yi shi ne don sule, mu kuwa sulallan da Babban Banki ya fitar a 2007, na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ba wanda ke ciniki da su. Hanya biyu ce. Ko ka jona maɓalli a haƙori na 16 ka ajiye shi wurin yayanka, duk dannawa ɗaya injin ya ƙirga sule ɗaya, ko ka duba jerin 'yan ƙananan makunnai 8 da ke jikin fanel ka ɗaga na 7, wasa ya zama a buɗe, ku riƙa karɓar kuɗi da lokaci yadda gidajen gem na PlayStation suke yi. Na 1 yana buɗe shafin saiti, na 8 yana daskarar da hoto, don haka in wasa ya tsaya cak ka fara duba shi. Ku tsayar da ƙa'ida tun ranar farko: ba yara da kayan makaranta a lokacin aji, a rufe in an kira salla, kuma ba caca a kan wasa, don ita ce ke jawo faɗa ta ɓata sunan shago a unguwa. A rufe fanel da wayoyin wutar bango a cikin akwati mai kwaɗo inda hannun yaro ba zai kai ba.

A jikin fanel ɗin akwai lamba da ta fara da MV ko MVH, kamar MV-1FZ ko MV-1C. Ka rubuto mana ita, tare da sunan talabijin ɗin da ka samu da abin da mita ta nuna maka a haƙori na 3 da na 6, sai mu gaya maka inda batir da maɓallin ƙarar sauti suke a irin naka. Allah ya ba da sa'a.